Besbol na Garuruwa da Masana'antu a Amurka: Tambayoyi da Amsoshi kan Tarihinsa da Sauye-sauyensa

Yaya ake buga besbol, kuma su wane ne 'yan rabin sana'a?

Besbol wasa ne na ƙungiyoyi biyu, kowace da 'yan wasa tara a fili. Mai jifa yakan jefa ƙwallo daga wani ɗan tudu da ke tsakiyar fili, mai bugu kuma ya yi ƙoƙarin dukanta da sanda, sannan ya ruga ya zagaya tashoshi huɗu da ke da tazarar ƙafa 90 tsakanin kowace da mai bi mata. Wanda ya dawo tashar da ya taso ya ci wa ƙungiyarsa maki ɗaya. Idan aka fitar da masu bugu uku, sai ƙungiyoyin su musanya matsayi, kuma ana yin haka har zagaye tara.

'Yan rabin sana'a su ne waɗanda ake ba su wani abu saboda wasan da suke bugawa, amma ba da shi suke ciyar da iyalinsu ba. Masaƙi ne, ko mahaƙin kwal, ko malamin makaranta, ko manomi, wanda yake aikinsa daga Litinin zuwa Juma'a, ranar Asabar ko Lahadi kuma ya sa rigar garinsu ya shiga fili. Matsayinsu yana tsakanin 'yan sha'awa, waɗanda ba sa karɓar ko sisi, da ƙwararrun da ke da kwantaragi da albashi. Iyakar da ke tsakanin waɗannan rukunoni uku ba ta taɓa zama a sarari ba, domin sau da yawa kuɗin a ɓoye ake bayar da shi, kuma mai bayarwa da mai karɓa duk sun fi son a bar maganar a rufe.

Yaushe kuɗi ya fara shiga wasan?

Tun kusan farkonsa. Ƙungiyar Knickerbocker ta birnin New York ta rubuta dokokinta a 1845, kuma a taron da ƙungiyoyin yankin suka yi a 1857 ne aka tsayar da zagaye tara. A wancan lokacin ana ɗaukar besbol wasan masu hali ne, dokar ƙungiyar besbol ta ƙasa ma ta haramta biyan ɗan wasa. Yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 ya taimaka wajen yaɗa shi, domin sojojin da suka koye shi a sansani sun koma garuruwansu da shi. Da jama'a suka fara biyan kuɗin shiga don kallo, sai manyan ƙungiyoyi suka riƙa sama wa gwanayen 'yan wasa ayyukan da ba sai sun yi su ba, ko su ba su kaso daga kuɗin ƙofa a asirce. A 1869 ƙungiyar Cincinnati Red Stockings, ƙarƙashin Harry Wright, ta fito fili ta sa dukan 'yan wasanta a kan albashi, kuma ta gama shekarar ba a doke ta ba. Daga nan aka kafa National League a 1876, American League kuma ta zama babban lig a 1901. Ƙwararru suka kama hanyarsu, tsohuwar dabarar biya a ɓoye kuma ta ci gaba da rayuwa a ƙananan garuruwa har kusan shekara ɗari.

Me ya sa ƙananan garuruwa suka damu da shi haka?

Amsar tana cikin taswira. Daga 1903 har zuwa 1952, manyan lig-lig biyu suna da ƙungiyoyi 16 ne kawai a birane goma, kuma babu ko ɗaya a yamma da St. Louis ko a jihohin kudu. Mutumin da ke zaune a Dakota ta Arewa ko Idaho ko Carolina ta Kudu yana iya tsufa bai taɓa ganin wasan babban lig da idonsa ba. Abin da yake da shi shi ne ƙungiyar garinsu, wadda ke karawa da ta garin da ke maƙwabtaka da su, kuma a cikinta akwai ɗansa ko surukinsa ko wanzaminsa. Rana ta wasa rana ce ta kasuwa da zumunci, kuma idan garin da kuke gasa da shi ya doke ku, za ku sha gori har shekara ta zagayo. A jihar Minnesota kaɗai, an yi rajistar ƙungiyoyin garuruwa 799 a 1950.

Ranar Lahadi ita ce ranar da ma'aikata suka fi samun sarari, kuma ita ce ranar da malaman coci da tsofaffin dokokin jihohi suka hana wasa. An daɗe ana kai ruwa rana a kan wannan, har jihar Pennsylvania ba ta sassauta dokarta ba sai a 1933.

Su wane ne ke riƙe da ƙungiyoyin, kuma daga ina kuɗin ke fitowa?

Akwai ƙungiyoyin gari, waɗanda 'yan kasuwar garin ke haɗa wa kuɗi, akwai kuma na kamfanoni. Masaƙun auduga na Carolina ta Kudu da ta Arewa, da mahaƙun kwal na Pennsylvania da West Virginia, da kamfanonin jirgin ƙasa da na mai, duk sun riƙe ƙungiyoyi. Masu masana'antu ba don son wasa kaɗai suka yi haka ba. Sun lura cewa ma'aikacin da ke alfahari da ƙungiyar masaƙarsa ba ya saurin tattara kayansa ya koma wata, kuma wasu daga cikinsu sun ɗauki wasan hanya ce ta kawar da hankalin ma'aikata daga ƙungiyoyin ƙwadago. Gwanin jifa yakan samu aiki mara nauyi, kamar fenti ko gadi, yayin da abokan aikinsa ke shaƙar ƙurar auduga.

Joe Jackson, wanda ake yi wa laƙabi da Shoeless Joe, ya fara aiki a masaƙar Brandon da ke Greenville yana ƙaramin yaro, yana da shekara 13 kuma ya shiga ƙungiyar masaƙar, inda ake ba shi dala biyu da rabi a wasan ranar Asabar. Walter Johnson, wanda daga baya ya ci wasa 417 a babban lig, yana garin Weiser na jihar Idaho ne da sunan ma'aikacin kamfanin tarho lokacin da ƙungiyar Washington ta ɗauke shi a 1907, alhali kowa a garin ya san jifa aka kawo shi ya yi.

Ban da aikin da ake bayarwa, akwai kuɗin ƙofa, wanda a wasanni da yawa ake raba shi kashi 60 ga wanda ya ci, 40 ga wanda aka ci. Inda fili ba shi da katanga, sai a zagaya da hula cikin 'yan kallo kowa ya jefa abin da ya sawwaƙa. Caca ma ta taka rawa, kuma ita ce ta sa idan babban wasa ya matso, gari yakan ɗauko hayar mai jifa daga nesa, wani lokaci a sa masa sunan ƙarya. Jackson kansa, bayan an kore shi daga manyan lig-lig saboda zargin sayar da wasannin ƙarshe na 1919, ya koma yana buga wa irin waɗannan ƙungiyoyi a jihohin kudu. Bud Grant, wanda ya buga wa Minneapolis Lakers ƙwallon kwando kafin ya zama shahararren mai horar da Minnesota Vikings, ya sha faɗin cewa jifar da yake yi wa garuruwa a lokacin bazara ta fi kawo masa kuɗi a kan albashinsa na Lakers.

Karɓar irin wannan kuɗi ya taɓa jawo wa wani asara?

Ya jawo wa Jim Thorpe asara mai girma. Thorpe, ɗan asalin ƙabilun farko na Amurka, ya ci lambobin zinare biyu a gasar Olamfik ta Stockholm a 1912. A farkon 1913 wata jarida ta bayyana cewa a 1909 da 1910 ya buga besbol a wani ƙaramin lig a Carolina ta Arewa, inda aka riƙa ba shi 'yan daloli kaɗan. Ɗaliban jami'a da yawa suna yin haka a lokacin hutu, sai dai su da sunayen aro suke bugawa, shi kuwa da sunansa na gaskiya ya buga. Aka karɓe lambobinsa. Ya rasu a 1953, kwamitin Olamfik bai mayar masa da matsayinsa ba sai a 1982, kuma sai a 2022 aka amince cewa shi kaɗai ne zakaran wasannin biyu. A ganina, babu labarin da ya fi wannan tona asirin yadda tsarin yake, domin wanda ya yi ƙarya ya tsira, wanda bai ɓoye sunansa ba shi aka hukunta.

Ina matsayin baƙaƙen fata a cikin wannan tarihi?

Moses Fleetwood Walker ya buga wa Toledo a babban lig a 1884, amma kafin ƙarshen wannan ƙarni an rufe wa baƙaƙen fata ƙofa ba tare da wata rubutacciyar doka ba, kuma ta ci gaba da zama a rufe har ranar 15 ga Afrilu, 1947, lokacin da Jackie Robinson ya buga wa Brooklyn Dodgers. Rube Foster ya kafa lig ɗin baƙaƙen fata a Kansas City a 1920. Duk da haka, kaso mai yawa na kuɗin da waɗannan ƙungiyoyi ke samu daga yawo yake fitowa, wato su bi garuruwa a mota suna karawa da ƙungiyoyin rabin sana'a na fararen fata. A birnin New York, ƙungiyar Bushwicks ta Max Rosner ta shahara da cika filin Dexter Park da irin waɗannan wasanni.

A wasu jihohin arewa masu ƙarancin jama'a, son cin wasa ya rinjayi wariya, aƙalla a cikin fili. John Donaldson, baƙar fata mai jifa da hannun hagu, ya buga wa wani ɗan ƙaramin gari mai suna Bertha a Minnesota a shekarun 1920, kuma masu bin diddigin tsofaffin jaridu sun gano masa nasarori sama da 400. Misalin da ya fi shahara shi ne na Bismarck a Dakota ta Arewa. Wani dillalin motoci, Neil Churchill, wanda ya gaji da shan kashi a hannun garin Jamestown, ya ɗauko Satchel Paige, shahararren mai jifa baƙar fata, a 1933, kuma zuwa 1935 ya haɗa ƙungiya ta baƙaƙe da farare, cikinsu har da Ted Radcliffe da Hilton Smith da Quincy Trouppe. Wannan ya faru ne shekara goma sha biyu kafin Robinson. Sai dai bai kamata a ƙawata labarin fiye da kima ba, domin ɗan wasan da aka yi wa tafi da rana yana iya rasa masaukin da zai karɓe shi da dare idan ƙungiyar ta fita wani gari.

Mata ma sun samu 'yar kafa a wannan mataki. Toni Stone ta fara ne da wata ƙungiyar rabin sana'a ta maza a St. Paul, kafin ta buga wa Indianapolis Clowns a 1953.

Akwai gasar da ke haɗa su a matakin ƙasa?

Akwai guda biyu da suka yi fice. Jaridar Denver Post ta fara shirya gasa a 1915, kuma a 1934 ta gayyaci Kansas City Monarchs ta baƙaƙen fata. Waɗanda suka doke Monarchs a ƙarshe su ne House of David, 'yan wata ƙungiyar addini daga Benton Harbor ta jihar Michigan, waɗanda aka sani da dogon gashi da gemu, kuma hayar Paige suka ɗauko a wannan gasa.

Ta biyun ita ce ta Wichita a jihar Kansas. Raymond Dumont, mai sayar da kayan wasanni da ake kira Hap, ya shawo kan hukumar birnin ta gina fili, ya kuma yi wa Paige alƙawarin dala 1,000 don ya zo gasar farko a 1935. Bismarck ta ɗauki kofin, Paige ya ci wasa huɗu, ya fitar da masu bugu 60. Dumont mutum ne mai son sababbin dabaru. Ya sa na'urar da ke hure ƙura daga tashar bugu, ya sa makirufo mai fitowa daga ƙasa don 'yan kallo su ji gardamar alƙalin wasa, ya kuma gwada agogon da ke tilasta wa mai jifa ya jefa cikin daƙiƙa 20. An ɗauki wannan na ƙarshe abin dariya a lokacinsa. Gasar ta National Baseball Congress tana nan har yau a Wichita, sai dai yawancin masu buga ta yanzu ɗaliban jami'a ne.

Me ya durƙusar da shi?

Abin mamaki shi ne faɗuwar ta zo ne daidai lokacin da ya kai ƙololuwa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sojoji sun dawo gida, kuɗi ya wadata, garuruwa suka sa fitilu a filayensu don a yi wasa da dare bayan an tashi daga aiki. Wasan dare ma daga ƙasa ya hau sama, domin Monarchs sun fara yawo da fitilun tafi-da-gidanka a 1930, manyan lig-lig kuwa ba su yi wasan dare na farko ba sai ranar 24 ga Mayu, 1935, a Cincinnati. A 1949 ƙananan lig-lig na ƙwararru sun kai 59, da 'yan kallo kusan miliyan 40. Shekara goma bayan haka sun koma 21, 'yan kallon kuma kimanin miliyan 12. Abin da ya ci waɗannan shi ya ci na garuruwa da ke ƙasa da su.

Talabijin ce kan gaba. A 1950 gidajen Amurka da ke da akwatin talabijin ba su kai ɗaya cikin goma ba, zuwa 1960 kuwa sun kusa tara cikin goma. Mutumin da a da yake biyan kuɗi ya kalli maƙwabcinsa yana jifa ya samu damar kallon New York Yankees kyauta a ɗakinsa. Manyan ƙungiyoyi kuma suka matso kusa da shi: Braves ta koma Milwaukee a 1953, Dodgers da Giants suka koma California a 1958, ƙungiyar Washington ta koma Minnesota a 1961 ta zama Twins. Dokar gina manyan hanyoyi ta 1956 da yawaitar motoci sun sa zuwa birni kallon wasa ya zama tafiyar yini ɗaya. A daidai wannan lokaci injunan noma suna rage yawan hannun da ake buƙata a gona, matasa suna barin ƙauye, ƙauyukan masaƙu da na mahaƙai kuma suna watsewa bayan kamfanoni sun sayar da gidajen ma'aikata ko sun rufe.

Akwai kuma laifin garuruwan kansu. Gasar ɗauko 'yan haya ta sa kuɗin da ake kashewa ya zarce abin da ƙofa ke kawowa, kuma da 'yan kallo suka ragu, bashi ya rufe ƙungiyoyi da dama.

Dalili na ƙarshe shi ne hanyar da yaro mai hazaƙa ke bi ta sauya. A da, mai neman 'yan wasa yakan bi ƙauyuka ya tsinto irin su Johnson. Branch Rickey na St. Louis Cardinals ya fara mallakar ƙananan ƙungiyoyi a shekarun 1920 don rainon nasa 'yan wasan. An kafa gasar matasa ta American Legion a 1925 da Little League ta yara a 1939, kuma a 1965 manyan lig-lig suka kawo tsarin zaɓen sababbin 'yan wasa daga makarantun sakandare da jami'o'i. Daga nan karɓar dala goma a wasan gari ya zama haɗari ga saurayin da ke fatan samun gurbin karatu kyauta a jami'a.

Ƙungiyar gari tana iya hawa har ta kai babban lig, kamar a ƙwallon ƙafa?

A'a. Babu hawa da faɗuwa tsakanin rukunoni a besbol na Amurka. Ɗan wasa ne ke hawa, ƙungiyar kuwa tana nan inda take komai yawan kofunan da ta ci.

Shi kansa wasan ya sauya a cikin fili?

Ya sauya ƙwarai. A farko da hannu tsirara ake cafe ƙwallo, kuma daga ƙasa ake jefa ta. An halatta jifa ta saman kafaɗa a 1884, an kuma tsayar da tazarar mai jifa a ƙafa 60 da inci 6 a 1893, wadda ita ake amfani da ita har yanzu. Kafin 1920 akan yi ta buga ƙwallo ɗaya har ta yi baƙi ta yi laushi, masu jifa kuma suna shafa mata yawu ko su karce ta don ta karkace a iska, saboda haka maki ba su da yawa, wasan ya dogara ne ga gudu da dabara. A 1920 aka haramta shafa wa ƙwallo wani abu, kuma a watan Agusta na shekarar ƙwallo ta sami Ray Chapman na Cleveland a ka ya rasu, abin da ya sa alƙalai suka fara sauya ƙwallo da zarar ta yi datti. A shekarar nan Babe Ruth ya buga ƙwallo 54 da suka tsallake shinge, a 1927 kuma ya buga 60, daga nan hankalin kowa ya koma ga ƙarfin bugu. Hular kwano ba ta zama dole ga sababbin 'yan wasa ba sai a 1971, shekara hamsin da ɗaya bayan rasuwar Chapman.

An rage tsayin tudun jifa daga inci 15 zuwa 10 a 1969 saboda masu jifa sun fi ƙarfin masu bugu. A 1973 American League ta amince wani ya riƙa bugu a madadin mai jifa, National League kuma ba ta rungumi hakan na dindindin ba sai a 2022. Jami'o'i sun karɓi sandar alminiyam a 1974 saboda ba ta karyewa kamar ta katako. Aikin mai jifa ma ya canja. A wasan gari na da, mutum ɗaya ne ke jifa daga farko har ƙarshe, wani lokaci ya sake yi washegari, yanzu kuwa akan yi amfani da huɗu ko biyar a wasa ɗaya, ana ƙirga kowace jifa, ana auna saurinta da na'ura. Wannan ya tsawaita wasa har ya wuce awa uku, sai a 2023 manyan lig-lig suka kawo agogon jifa, wato dabarar da Dumont ya gwada a Wichita. Matsakaicin tsawon wasa ya sauko daga awa 3 da minti 4 zuwa awa 2 da minti 40 a shekara ɗaya.

Akwai irinsa a wajen Amurka?

Akwai, kuma a Japan ne tsarin kamfanoni ya fi ɗorewa. Gasar birane da aka fara a 1927 tana gudana har yanzu, 'yan wasanta ma'aikatan kamfanoni ne masu albashi, kuma daga ƙungiyar kamfanin ƙarfe na Nippon Steel a Sakai Hideo Nomo ya fito kafin ya yi suna a Japan da Amurka. A Kyuba masana'antun sukari sun riƙe ƙungiyoyi, a lardin Ontario na Kanada kuma an kafa lig ɗin Intercounty a 1919.

Me ya rage daga cikinsa a Amurka a yau?

Gadonsa ya rarrabu. Ɓangaren kuɗi ya koma hannun lig-lig masu zaman kansu, waɗanda suka farfaɗo a 1993 da Northern League da Frontier League, sannan Atlantic League a 1998. Suna biyan ƙaramin albashi ga waɗanda manyan ƙungiyoyi suka sallama ko ba su ɗauka ba, kuma sun ƙara muhimmanci bayan an rage ƙananan ƙungiyoyin da ke ƙarƙashin manyan lig-lig daga 160 zuwa 120 a 2021. Ɓangaren raino ya koma lig-lig na ɗalibai na lokacin bazara. Wanda ya fi suna shi ne na Cape Cod a jihar Massachusetts, wanda aka kafa a 1923, ya koma na ɗaliban jami'a a 1963, ya kuma dawo da sandar katako a 1985. 'Yan wasansa ba sa karɓar albashi, a gidajen mutanen gari suke sauka.

Wasan gari na asali kuwa bai mutu gaba ɗaya ba. A Minnesota har yanzu akwai ƙungiyoyi kusan 300, gasar jiha da aka fara a 1924 tana gudana kowace shekara, sai dai yanzu ba a biyan kowa, 'yan sa-kai ne ke yanke ciyawa da sayar da abinci a filin. A Fairbanks ta jihar Alaska kuma, tun 1906 ake buga wani wasa kowace shekara a watan Yuni, a lokacin da yini ya fi tsawo. Ana farawa da misalin ƙarfe goma na dare, a wuce sha biyu ana bugawa, ba tare da an kunna fitila ba. Ƙungiyar Goldpanners, wadda Tom Seaver ya taɓa yi wa jifa yana ɗalibi, ita ke karɓar baƙuncinsa tun 1960.